Ƙanzon da Na Wanke a Gonar Ghuddwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Sabha a nan Libiya, Alhaji Sanoussi, malamarmu Malama Faouzia, wadda ta baro jami'a ta zauna da mu a kan tabarma, dattawan unguwarmu ta Manshiya, 'yan'uwana mata, magina da masu aikin gona da kuka ajiye gajiyar yini kuka zo, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Sunana Mamou, matar marigayi Djibrilla direba. Na gode da kuka ba ni magana a ranar rufe wannan karatu. Da hannuna na rubuta takardar nan, in kun ji na tsaya ku yi haƙuri, sai da na kai shekara arba'in da shida na san baƙi. An ce gemu ba ya hana ilimi. Ni gemu ba ni da shi, furfura ce, ita ma ba ta hana ba.

Sati shida muka yi muna koyon ilimin kufai, wato yadda ake tona inda mutane suka zauna suka tashi, a gane rayuwarsu daga abin da suka bari. Zan faɗa muku gaskiya, ban shiga don son ilimi ba. Na shiga gadi ne. 'Yata Zouhoura, ita kaɗai Allah ya bar mini, an zaɓe ta ta bi ɗaliban malama aikin tono na sati uku a wajen garin Jarma. Takardar izinin tafiyar tana son sa hannun uwa. Yau kwana arba'in tana cikin jakata, gobe kuma a rufe karɓa. Na ce sai na ga wannan ilimi da yake son ya kai mini 'ya cikin Sahara.

Da yawanku kun san dalili. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Djibrilla ya ɗauki mota zuwa Dirkou bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, ba ko takalmi. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya gudu.

Abu na farko da na koya, ƙasa hawa-hawa take. Na ƙasa ya girmi na sama, kamar yadda muke jera zannuwa a akwati. Malama ta nuna mana hotunan hanyoyin ruwa da mutanen dauri suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, suka yi noma a inda yau ko ciyawa babu. Na ce a raina, ashe wasu sun sha wahalar ƙasar nan kafin mu.

Abu na biyu kuskurena ne, kuma shi ya kawo ni nan gabanku. Ina aikin tsince dabino a wata gona a Ghuddwa. Ran nan ana gyaran hanyar ruwa sai ga tsingaro na tsohuwar tukunya, wasu nan, wasu can. Na tsince su duka na ƙulle a gefen zane. Da na zo gida na ga sun yi baƙi ƙirin, da wani abu manne a ciki. Jama'a, wace 'yar Damagaram ce za ta kai wa malamarta kwano da datti? Na jiƙa su, na sa omo da soson ƙarfe, na dirje su tas, na jera a faranti na rufe da faifai.

Malama ta buɗe, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, “Ya Hajja, me kika yi musu?”

Na ce, “Wanka, Malama. Ai da kin gan su da ba ki taɓa ba.”

Ta dafe kai ta ce, “Wannan baƙin shi ne maganar! Wanne yana kusa da wanne? A ina kika same su, sama ko ƙasa?”

Na ce, “A gona.”

Ajin ya fashe da dariya. 'Yar ajinmu Nazifat da ke zaune can tana rufe baki ta ce, “Mamou, ke ko Fir'auna aka ba ki sai kin yi masa wanka!” Ni ma na yi dariya, amma da malama ta yi bayani sai na daina. Ta ce baƙin waje hayaƙin murhu ne. Na ciki kuwa ƙanzo ne, da shi ake iya gane ko hatsi aka dafa ko nono. Inda abu yake kwance kuma shi ke faɗin zamaninsa.

Ranar ban iya cin abinci ba. Wata mace ta taɓa zama a inda gonar take ta hura wuta, tuwonta ya kama, wataƙila tana duban hanya ko wani zai dawo. Ba ta bar suna ba, ba ta bar kabari ba. Ƙanzon nan kaɗai ta bari, ya jira shekaru da Allah kaɗai ya san yawansu, sai ni da na fi kowa sanin zafin rashin alama na zo na wanke shi cikin minti goma.

Zouhoura ta same ni zaune da farantin. Ta ce, “Inna, yanzu kin gane? Ba gudunki nake yi ba. So nake in koyi yadda ake jin waɗanda ba su da mai magana a madadinsu.” Yau a gabanku zan ba ta amsa.

Abu na uku roƙo ne gare ku. Mu ne masu haƙa a ƙasar nan. Mu ke tona harsashi, mu ke jan hanyar ruwa. In shebur ɗinku ya ci karo da tukunya, ko toka, ko ƙashi, kada ku ɗauka, kada ku wanke, kada ku sayar. Ku ɗauki hoto a inda yake, ku sanar da masana. An ce baƙo raɓa ne. Mu ma wata rana za mu tashi, ba abin da zai rage a Manshiya sai murhunmu. Yadda muke so a yi da namu, mu yi da na wasu.

Zouhoura, taso. Tsoro bai bar ni ba, kuma ɗakinmu zai yi mini faɗi sati uku. Amma na wanke magana ɗaya da hannuna, ba zan toshe ta biyu ba. Alhaji, a ara mini biro. Ba dangwale zan yi ba, sunana zan rubuta, ku zama shaida. Ki tafi, 'yata. Ki kira ni kullum da la'asar. In kuma kin ga ƙanzo, ki bar shi yadda yake.

Allah ya saka wa malamarmu da alheri. Allah ya tsare matafiya, ya dawo da su ga masu jiransu. Allah ya jiƙan waɗanda muka san kabarinsu da waɗanda rairayi ya rufe, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.