Kunnen Mage

A shagon wanke hoto, wani dattijo da ke jiran layi ya leƙa wayar matar da ke gefensa. Ba ta da ƙarfin hana shi.

"'Yata, ɗanki ne? Kai, hotunan duk dishi-dishi! Ki riƙa durƙusawa daidai tsayinsa, hasken taga na dukan fuskarsa."

"Ba ya zama wuri ɗaya, Baba."

"Wannan ya fito, amma me ya kai ki sa waya ta manna masa kunnen mage?"

"Shi ke so. Dariya yake har ya faɗi."

"To, yau in kin koma gida ki ɗauke shi tsaf, ban da wasa."

Ta kife wayar a cinyarta.

"Baba, na cigiya na zo wankewa. Yau kwana huɗu muna nemansa. Wa zai gane shi da kunnen mage?"