Madarar gwangwani ta ci mini ido

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Ɗanjuma mai goro, daga kasuwar Adjamé.

Likita a unguwar Treichville ya ce ciwon sukari gare ni, na daina jefa sukari a shayi. Amma kullum da safe a teburin mai shayi na Roxy sai an cika mini kafe, wato gahawa, da madarar gwangwani. Matata Rabi ta ce, "Malam, wannan ma sukari ne." Na ce madara ba ta kashe mutum.

Yanzu idona ya dushe. Ni da na san kowane Bahaushen Adjamé har kakansa, sai mutum ya yi magana nake gane shi.

Don Allah ku tambayar mini likitoci, ɗan ganin da ya rage zai tsira? Ina gaida Rabi, ita ce da gaskiya.