Ragon Illa da Aikin Salula

A tashar motar Matamaye, Illa manomin Kurni na zaune riƙe da igiyar rago yana jiran dillali. Wani saurayi a gefensa na ta dangwalar salula, idanu jajawur.

"Samari, wasa kake?"

"Aiki ne, Baba. Hotuna suke turowa, in nuna wanne ne mota, wanne ne jaki, su biya ni."

"Ikon Allah! Aikin da 'yata Habi ta dame ni a kai ke nan. Ragon nan zan sayar in saya mata irin wayarka."

Saurayin ya gyara zama. "Faɗuwa ta zo daidai da zama! Bari in ba ka liyan ɗina, adireshin da ake latsawa a yi rajista, ta shiga ta wajena. Duk wanda na kawo, ana ba ni lada."

"Shi aikin fa, me ya saya maka?"

"Wallahi kuɗin kiredin da nake sa wa wayar ma da ƙyar. Rezo na ɗaukewa, intanet ta yanke, su soke wahalar yini guda. Kawo mutane ne mai ɗan maiƙo."

"Wa ka kawo?"

"Yayata."

"Me ta samu?"

Ya sunkuyar da kai. "Keken ɗinkinta ta sayar ta sayi waya. Yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa."

Illa ya yi ajiyar zuciya. "Ɗana, ka faɗa rijiya, kana kiran na waje su sauko wai akwai sanyi?"

"Duk da haka, Baba, in ta nace, ta shiga ta wajena."

Illa ya miƙe ya kira karen mota. "Akwai wurin rago zuwa Kurni?"