Anti Noeline da Kalmar da Ba Ta Arha

Jawabin da Raelene Cobbett, ma'aikaciyar jinya, ta yi a taron tunawa da marigayiya Noeline Garvey, a zauren kulob ɗin ƙwallo na garinsu da ke yammacin Queensland.

Dattawan wannan ƙasa da muke tsaye a kanta, waɗanda suka riga mu tafiya da waɗanda ke zaune a layin gaba, da ku na fara. Kawu Clarrie, ƙanen marigayiya, wanda ya zama babban gida yanzu ko yana so ko ba ya so. Fasto. Shugaban ƙaramar hukuma. Baƙinmu na ofis da suka taso daga birni. Darryl da Lynette, 'ya'yanta, da jikoki goma sha huɗu. 'Yan uwa da abokan arziki. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi minti biyar. Wanda ya rubuta minti biyar bai san Anti Noeline ba, don gaisuwarta kaɗai ta fi haka.

Zan fara da abin da ke ci mini rai, tunda ita ma da shi take farawa. Mutum uku sun yi magana kafin ni, kuma na ƙirga, sau goma sha ɗaya aka ce deadly. An ce ita deadly ce. An ce furannin deadly ne. Har wani bawan Allah ya ce wannan taro deadly ne. Taron mutuwa, jama'a! Na ga Kawu Clarrie ya sunkuyar da kai, kuma ba kuka yake yi ba.

To, baƙinmu, ku ji. A Turancin makaranta, deadly na nufin abin da ke kisa, kamar dafin maciji. A bakinmu, mu 'yan asalin ƙasar nan, yabo ne, yabo mafi girma da muke da shi: abu ya yi kyau har ya wuce misali. Yanzu kowa ya iya faɗa. Yana jikin riguna, yana jikin motocin ofis, yana kan takardar asibiti. Amma akwai lokacin da wannan kalma ta kusa raba ni da uwata, kuma matar da muka taru dominta ce ta hana.

Ta kasance mai sharar makarantar firamare ta garin nan shekara talatin da ɗaya. Ta kasance mace da aka cire daga aji tana da shekara goma sha biyu aka tura ta aikatau gidan wani mai garken shanu, amma ba ta taɓa barin yaro ya yi fashin makaranta a kan idonta ba. Ta kasance tana sanin wanda ya zo bai karya ba, ta kira shi gefe ta danƙa masa biredi da man gyaɗa, ta kuma yi masa faɗa kan hancinsa da bai share ba. Ta kasance mai faɗa, kada mu yi wa juna ƙarya. Ni ta yi mini faɗa har ranar Talatar da ta wuce, saura kwana biyu ta cika.

Ina da shekara tara aka kawo mana sabuwar malama daga birni, Malama Halloran. Yarinya ce ɗanya, ba ta taɓa zama da baƙar fata ba, amma ita ce ta fara ce mini ina da kai. Ƙarshen zango na yi mata kati. Na rubuta a ciki cewa ita deadly ce. Sai na ga katin ya yi fili da yawa, na zana abin da na fi iya zanawa a duniya, wato maciji, da bakinsa a buɗe. Na ajiye mata a tebur na gudu don kunya.

Washegari aka kira ni ofishin hedimasta, Mista Pritchard. Na tarar da ɗan sanda a tsaye, Malama Halloran na zaune idonta ya yi ja. Aka ce na yi wa malama barazanar kisa. Aka ce an kore ni, kuma za a kira jami'an kula da yara su duba wane irin gida ne ke tarbiyyar yaro haka. Tsofaffin da ke nan sun san ma'anar wannan maganar a wancan zamani. Motar gwamnati ce ke zuwa ɗaukar yaro, kuma ba kullum take dawo da wanda ta ɗauka ba.

Anti Noeline na goge baranda, ta ji komai ta taga. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta shigo da bokitinta a hannu ta dire shi a kan kafet.

Ta ce, "Me 'yar Doreen ta yi?"

Mista Pritchard ya ce, "Noeline, wannan ba hurumin ki ba ne. Koma bakin aikinki."

Ta ce, "Aikina na nan, ba ya gudu. Ba ni katin."

Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ke, wannan macijin naki kamar tsiran alade." Sannan ta juya ta ce, "Malama, yarinyar nan cewa ta yi kin fi kowa. Yabonki ta yi. Ko ni ba ta taɓa ce mini haka ba."

Mista Pritchard ya jawo ƙamus daga kanta, ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya ce, "Ga abin da kalmar ke nufi. A rubuce yake."

Ta ce, "Wanda ya rubuta wannan littafin ya taɓa zuwa unguwarmu? Ya taɓa shan shayi a gidan wani a can?"

Ya ce, "Turanci ɗaya ne, Noeline."

Ta ce, "Ku kuka hana mu yarenmu, kuka ce sai naku. To mun karɓa, mun gyara shi yadda zai zauna a bakinmu. Yanzu kuma ku zo ku kama mana yara don sun yi magana da shi?"

Ya ce in ta ƙara kalma ɗaya a bakin aikinta. Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce wa Malama Halloran, "'Yata, ki ba ni ranar Asabar kawai. Kada a kira kowa sai Litinin." Malamar ta ɗaga kai ta ce ta yarda. Wannan ne kaɗai ya hana a buga wa jami'an waya.

Ranar Asabar ta je har gidan malamar ta kamo hannunta ta kawo ta filin nan da ke bayan wannan bango, ta zaunar da ita a tsakiyar matanmu, ta ba ta shayi a kofin gwangwani. Ana wasan zari-ruga da garin da ke hayin kogi. Kawu Clarrie lokacin yana da gwiwa, har da gashi. Saura kaɗan a tashi ya karɓi ƙwallo ya ratsa ƙarti huɗu ya dire ta bayan layi. Mutum ɗari biyu suka miƙe da murya ɗaya: "Deadly, Clarrie! Deadly!" Tsofaffi na rawa, yara na tsalle. Anti Noeline ta zunguri malamar ta ce, "To, kin ga wanda ake shirin kashewa?"

Malama Halloran ta fashe da kuka a nan inda take. Ranar Litinin ta janye ƙarar, ta zo gidanmu da ƙafarta ta ba uwata haƙuri. Mista Pritchard bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ya mayar da Anti wankin banɗaki shekara guda cur, ita kuwa ta wanke su har suna ƙyalli don ta ba shi haushi. Malamar ta zo da niyyar shekara ɗaya, ta yi talatin da shida. Ga ta can layi na uku, tana kuka yau ma. Malama, ya isa haka, kin san da ta yi miki tsawa.

Abin da nake so baƙinmu su gane shi ne, matar da ta yi wannan faɗan ba ta rabon kalmar kamar alewa. Darryl, ka tuna ranar da ka zo da sabuwar mota kana ta hon a ƙofar gida? Ka ce, "Mama, ya kika gani?" Ta ce, "Na ga mota." A wurinta ba a faɗin ta a kan abin da aka saya, sai abin da aka yi. Ba a faɗa wa kai. Kuma ba a faɗa a bayan mutum, sai an dubi idonsa. Ranar da na gama karatun jinya na zo mata da takardata, cewa ta yi, "Madalla. Kwanuka na can." Na yi fushi mako biyu. Amma Darryl, ranar da ka cika shekara guda ba ka taɓa kwalba ba, muna nan a wannan zaure ta kama fuskarka da hannu biyu ta faɗa maka, sau ɗaya, a hankali. Riƙe wannan. Kai ka san abin da ka biya kafin ka ji ta.

Yanzu ga abin da ya hana ni barin wannan makirufo. Shekara bakwai Anti Noeline tana rubuta wasiƙa birni tana roƙon a kawo na'urar wankin ƙoda asibitin garin nan. Mutanenmu na tafiyar awa biyar zuwa birni sau uku a mako, wasu sun tare can gaba ɗaya, sun mutu cikin baƙi. Ni nake buga mata wasiƙun. Ni nake karanta mata amsa. Kun san yadda amsar ke farawa? "Anti, aikin da kike wa al'umma deadly ne." Daga nan sai a ce ana nazari. Takan ce, "Raelene, karanto mini daga inda suka daina lallashi." In ce, "Anti, a nan takardar ta ƙare."

Da ciwon ƙodar ya zo kanta, ta ɓoye mana. Ni nas ce, gidana na kallon nata, ta ɓoye mini wata takwas! Da na gano na ce, "Anti, me ya sa?" Ta ce, "Don na san ki, ɗaukata za ki yi ki kai ni birni. An taɓa fitar da ni daga garin nan ina yarinya ba da sona ba. Ba za a sake ba." Na yi faɗa, na yi roƙo, na haɗa ta da Fasto. Ta ce Fasto ya sha shayinsa ya tafi. Har yanzu ina jin haushinta, kuma ba zan ɓoye ba. Amma ba ita ce ya kamata ta zaɓa tsakanin ranta da garinta ba.

Saboda haka, baƙinmu na ofis, mun gode da furanni. Akwai wasiƙa ta takwas a tebur bakin ƙofa, kuma duk wanda ke zauren nan zai sa hannu kafin ya taɓa abinci. Ku tafi da ita. In za ku amsa, ku bar mana kalmarmu, mun iya faɗinta da kanmu. Ku rubuto mana ranar da na'urar za ta iso.

Lynette, ke kika yi jinyarta, ke kika sha faɗan da ya rage. Ba wanda zai ce kin gaza, kuma kada ki faɗa wa kanki haka. Jikoki, ƙofofinmu a buɗe suke, kamar yadda tata ta kasance gare mu. Kawu Clarrie, ka riƙa shan maganinka, don yanzu ba mai bin ka da tsawa sai ni.

Mun gode wa matan coci da suka yi girki, da kulob da ya ba mu zaure, da duk wanda ya yi doguwar tafiya.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Noeline. Ka san ta fiye da mu, ka san zafin bakinta, ka san sanyin hannunta. Ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutu, don ba ta samu da yawa a nan ba. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, ka ba mu ƙarfin ƙarasa abin da ta bari. Ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane ana ce mata ta jira. Ya Ubangiji, in ta iso taka, ka buɗe mata. Amin.