Kogon Lahira da Haƙorin Baba

A ɗakin jiran likitan haƙori, wata budurwa tana wasa a waya, wani dattijo yana leƙe.

"Kash! Kwarangwal sun sake kashe ni a Kogon Lahira."

"Ƴata, kashe fitilarki. Matattun nan haske suke bi."

"Baba! Kai ma kana bugawa?"

"Sau uku na gama wasan. Kogon ma ba dole ba ne, don nishaɗi nake shiga."

"Lallai jarumi! Kai, na wuce! Ga takobin da nake nema!"

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Baba, sau uku ke nan ina kiranka."

Dattijon ya juya ga budurwar. "Ƴata, fara shiga, zan riƙe miki wasan."

Budurwar ta tuntsire da dariya. "A'a, Baba jarumi. Wannan kogon kam dole ne."