Fanka ta Bakwai

A shagon kayan kwamfuta, wani tela ya zare tef daga wuyansa yana auna akwatin gilashi. 'Yarsa ya yi wa alkawarin haɗa mata kwamfuta da hannunsa, ga shi bai san ta inda ake farawa ba. Wani mai ƙaton tumbi a bayansa ya yi gyaran murya.

"Malam, riga za ka ɗinka mata?"

"Ina so in bar ɗan sarari ne, ko kayan cikin za su ƙaru."

"Bar wannan. Karon farko ne, ko? Fara da fanka. Ni shida na sa wa tawa."

"An ce ƙwaƙwalwar ake fara zaɓa, sannan allon da za ta zauna a kai."

"Masu faɗin haka ba su san zafi ba. Tawa shekara guda ke nan, ko ɗumi ba ta taɓa yi ba."

Tela ya ji mutumin ya cika masa ido, ya matso.

"To, Yallaɓai, wace ƙwaƙwalwa ka sa mata?"

Mutumin ya sosa ƙeya.

"Tana cikin kwalinta tukuna. Ta ƙi shiga gurbin."

"Ke nan ba ta taɓa kawo hoto ba?"

"Hoto dai babu. Amma iska, sai ka gani. Surukata a gabanta take shimfiɗa tabarma kullum da rana."

"To yau me ka zo saya?"

"Fanka ta bakwai. Ta ce iskar ba ta kai mata ƙafa."

Tela ya mayar da tef wuyansa, ya matsa can ƙarshen kanta.