Na'ura Ta Ƙi Yatsan Babana

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce 'yarku Hadiza daga Bunkure, wallahi raina a ɓace yake.

Babana tsohon soja ne, yanzu noman rani yake. Ya je tantancewar fansho, na'ura ta ƙi ɗaukar yatsansa, don dashen shinkafa cikin ruwa ya cinye zanen. Ma'aikacin ya ce, "Baba, kwamfuta ba ta san ka ba." Ya buɗe kafaɗa ya nuna tabon harsashi, aka ce ba shi ake nema ba. Sun tsayar da fanshon, ga maganin hawan jininsa ya ƙare.

Na baza maganar a waya, sai "Allah sarki" ake turo min. Masana doka, ina za mu kai ƙara? In yatsa ya goge, bautar ƙasar ma ta goge kenan?